Shin Ko Kun San? Turancin "Nakan Yi" da "Da Nakan Yi"

Shin ko kun san ɗalibin da ya miƙe gaban malami a Kafanchan ya ce "I use to pray every morning" ya faɗi akasin abin da ke ransa? Shi dai nufinsa yakan yi ibada kullum da safe. Abin da Bature zai ji kuwa shi ne da can yaron yana yi, yanzu ya daina. Za ku tsinci irin wannan jimla a bakin 'yan sakandare da ɗaliban manyan makarantu, har da ma'aikata masu digiri.

Ko kun san inda gizo ke saƙar? A kudancin Kaduna yaro kan tashi da Fantswam ko Tyap ko Jju a gida, ga Hausa a kasuwa da coci da masallaci, sannan Turanci ya tarar da shi a aji. Hausa tana da "kan", wanda masana nahawu ke kira lokaci sabau, kuma ba ruwansa da jiya ko yau: "nakan je", "da nakan je". Sai yaro ya nemo wa "kan" ɗan'uwa a Turanci, ya cafko "use to". Turanci kuwa ya raba al'ada gida biyu, kowane gida da ƙa'idarsa.

Abin da ake yi har yanzu, zallar aikatau ya ishe shi. Mutanen Kagoro sukan yi bikin Afan ranar 1 ga Janairun kowace shekara, don haka sai a ce "They celebrate Afan every January". Manomin citta a Kachia kuma "He grows ginger". Ku lura da "s" ɗin nan ta ƙarshe. In mutum ɗaya ake zance a kansa, ba a barinta.

Shin ko kun san tarihin garin Kafanchan kansa darasi ne na "used to"? Tun wajen 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo: wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi a nan yake rabuwa, reshe guda ya nufi Kaduna, guda ya haura Jos. Jiragen wancan zamani da kwal suke tafiya, yau kuwa babu su. To ga gurbin kalmar: "Steam trains used to stop here". Ana yi a da, an daina. Dattijon da ya yi ƙuruciya a bakin tasha yana iya ƙarawa da "We would run to meet the train", domin "would" ma tana ɗaukar aikin da aka riƙa maimaitawa. Amma ba ta ɗaukar mallaka ko zama ko hali. Wanda ya taɓa mallakar gona a Zonkwa "I used to have a farm" zai ce, in ya sa "would" ma'ana ta sauya.

A kore da tambaya "d" ɗin "used" takan faɗi: "I didn't use to", "Did you use to?"

Ko kun san "I am used to" wani abu ne daban? Sabo take nufi, kuma aikatau da ya biyo ta sai ya ɗauki "ing". Matar da ke sammakon kasuwa shekara da shekaru za ta ce "I am used to waking up early", wato ta saba. Irin wannan tarko ne masu shirya jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ke son ɗanawa, kuma abin takaici ne a ga yaro mai ƙwazo ya rasa maki a kan harafi ɗaya.

Shin ko kun san a zamanin Shakespeare Turawan Ingila da kansu suna amfani da "use to" a kan al'adar yanzu? Daga baya suka yar da shi. Yaranmu ba dolaye ba ne, hanyar da hankali ke bi suka bi, sai dai mai duba takarda ba zai karɓa ba.

Malamanmu na Turanci daga Gidan Waya zuwa Kwoi, don Allah ku fara darasin nan da rubuta "nakan je" da "da nakan je" a allo, kafin ku sa yara haddar ƙa'ida.