Mazaunin Inji da Ribar Mai Sufuri

A shekarar 1975 ne aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, da na Volkswagen a Legas. Injin Beetle a baya yake, don haka wurin kayanta kaɗan ne. Na Peugeot 504 kuwa a gaba yake, farfela ce ke kai ƙarfinsa ga tayoyin baya, kuma lodi ƙara musu kamun ƙasa yake yi. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan sufuri suka rungume ta.

Yawancin ƙananan motocin yau, irin su Corolla, tayoyin gaba ke jansu. Rashin farfela ya rage musu nauyi da shan mai, amma idan lodi ya rinjayi baya, hawan tudu kan gagare su a lokacin damina. Wajibi ne mai saye ya auna kayansa da hanyarsa kafin ya zuba jarinsa.