Ƙasar Togo: Yanayinta, Tarihinta da Alamominta

Duk malamin da ya taɓa buɗe taswirar Afirka ta Yamma a gaban ɗalibai ya san ƙasar Togo tana da wuyar nunawa. Siririya ce, Gana ta matse ta daga yamma, Jamhuriyar Benin daga gabas, Burkina Faso kuma ta rufe ta daga arewa. Bakin tekunta bai kai kilomita 60 ba, wato bai kai rabin nisan Kano zuwa Zariya ba, amma tsawonta daga teku zuwa iyakar arewa ya kusa kilomita 600. Girmanta duka kimanin murabba'in kilomita 56,800 ne, saboda haka Jihar Neja kaɗai ta fi ta faɗi. Ƙidayar da aka yi a shekarar 2022 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 8. Wannan siffa tata ba tsautsayi ba ce. Turawa ne suka zana ta daga teku suka yi arewa da ita, alhali kuwa tsofaffin hanyoyin mutanen yankin daga gabas zuwa yamma suke bi.

Yanayin Ƙasa

Matafiyin da ya tashi daga Lome, babban birnin ƙasar, zai fara da rairayi da itatuwan kwakwa da tabkunan da ke bayan gaɓar teku. Abin mamaki shi ne, duk da cewa Lome a bakin teku take, ruwan saman da take samu a shekara bai yi nisa da na Kano ba, har ma akan ga itatuwan kuka a kusa da gaɓa. Daga nan sai jar ƙasa mai albarka inda ake noma masara da rogo da kwakwar manja. Gaba kuma akwai jerin duwatsu da suka ratsa ƙasar a karkace, kuma a cikinsu ne Dutsen Agu yake, mai tsawon mita 986, kusa da garin Kpalime inda ake noma koko da kofi. Idan aka wuce Sokode da Kara sai a shiga ƙasar da Bahaushe ba zai yi baƙunta a cikinta ba: ga kaɗanya da ɗorawa, ga dawa da gero da gyaɗa, damina ɗaya, ga kuma hazon hunturu. Manyan kogunanta su ne Mono a kudu da Oti a arewa. Ƙasar na haƙo ma'adinin fosfat da ake yin takin zamani da shi, amma babban jarinta shi ne tashar jiragen ruwa ta Lome mai zurfi, wadda ƙasashen Nijar da Burkina Faso da Mali ke shigo da kaya ta cikinta.

Hanyar Gwanja

Kafin a san wata ƙasa mai suna Togo, fataken Hausa sun san arewacinta ciki da bai. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafin rini da jan fata, yakan ƙetare Kwara ya bi ta Borgu, ya sauka Nikki da Jugu, sannan ya ratsa ƙasar Kotokoli ko ya bi ta Sansanne Mango, ya nufi Yendi da Salaga don sayen goro. Tafiya ce ta watanni, ga jakuna ɗaruruwa a ƙarƙashin madugu, ga kuɗin fito da ake biyan kowane sarkin da aka ratsa ƙasarsa. Har yau sunan garin Sansanne Mango yana ɗauke da kalmar Hausa, wato sansani. Haka kuma a Sokode, cibiyar Kotokoli, zaman fatake da malamai daga ƙasar Mande da ƙasar Hausa ne ya kafa Musulunci, kuma garin ya kasance cibiyar Musulmin Togo har zuwa yau.

Daga cikin waɗanda wannan hanya ta ja akwai Alhaji Umaru, malamin nan kuma mawallafin waƙoƙi da aka haifa a Kano wajen shekarar 1858. Ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar da ya wargaza garin a 1892 kuma ya koma Kete Krachi, wanda ya faɗa ƙarƙashin mulkin Jamusawan Togo. A can ya yi aiki da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, ya rubuta masa bayanai masu yawa da ajami kan tarihi da zamantakewar Hausawa. Shi wannan Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Wato ke nan wani muhimmin kaso na abin da aka taskace game da ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 a Togo ta Jamus aka rubuta shi. Alhaji Umaru ya rasu a 1934.

Zuwan Jamusawa da Raba Ƙasa

A watan Yuli na 1884 wakilin Jamus, Gustav Nachtigal, ya ƙulla yarjejeniyar kariya da mutanen Sarki Mlapa na wani gari a bakin tabki da ake kira Togo, wanda a yau ake ce wa Togoville. Sunan wannan ƙaramin gari ne aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Shi dai Nachtigal ba baƙo ba ne ga masu nazarin tarihin Borno, domin shi ne ya kai wa Shehu Umar kyaututtukan Sarkin Furushiya a Kukawa a shekarar 1870.

Daga wannan ɗan bakin teku Jamusawa suka riƙa kutsawa arewa cikin gaggawa, Ingilishi na gefensu na yamma, Faransawa na gabas, kowa na neman ya riga wani sa hannun sarakuna. Abin da ya sa ƙasar ta fito doguwa ke nan kamar zugu. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa a cikin dakarun da suka fara ɗauka don wannan aiki akwai waɗanda suke kira Hausawa, ko da yake a wancan zamani Turawa kan laƙaba wannan suna ga kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa yana jin Hausa. A 1897 suka mayar da hedikwata Lome, suka gina gadar sauke kaya a teku, suka shimfiɗa layin dogo zuwa Aneho da Kpalime da Atakpame. Suna alfahari da Togo a matsayin abar koyi saboda tana ɗaukar nauyin kanta, amma da aikin tilas da bulala aka yi yawancin waɗannan ayyuka.

Mulkin nasu bai wuce shekara 30 ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sojojin Ingila da na Faransa suka nufi babbar tashar wayar iska ta Kamina kusa da Atakpame, Jamusawa suka miƙa wuya ranar 26 ga Agusta, 1914. A wannan yaƙi ne wani soja mai suna Alhaji Grunshi ya yi harbin da ake lissafa shi a matsayin na farko daga ɓangaren sojojin Ingila a duk faɗin yaƙin. Bayan haka aka tsaga ƙasar gida biyu. Ɓangaren yamma da Ingila ta riƙe ya kaɗa ƙuri'a a 1956 ya shiga abin da ya zama Gana, har da Kete Krachi da Yendi. Ɓangaren Faransa shi ne ya sami 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu, 1960. Wannan rabo ya bar ƙabilar Ewe a ƙasashe biyu, ga shi kuma birnin Lome kansa a kan iyaka yake, mutum kan fita daga unguwarsa da ƙafa ya shiga garin Aflao na Gana.

Shugaban farko, Sylvanus Olympio, sojoji suka kashe shi ranar 13 ga Janairu, 1963. Gnassingbe Eyadema, ɗan ƙabilar Kabiye daga arewa, ya karɓi mulki a 1967 ya riƙe har rasuwarsa a 2005, ɗansa Faure ya gaje shi. Eyadema da Janar Yakubu Gowon ne suka jagoranci kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975. A 2024 an sauya tsarin mulki zuwa na majalisa, a 2025 kuma Faure ya koma kujerar shugaban majalisar ministoci, inda ainihin iko yake.

Tuta da Tambari

Ƙasar da aka harhaɗa ta haka tana bukatar alamomin da kudu da arewa za su yarda da su. Tutar Togo, wadda mai zane Paul Ahyi ya tsara, tana da ratsi biyar a kwance, uku kore biyu rawaya, da jan murabba'i a kusurwar sama ɗauke da farin tauraro. Akan fassara kore da noma da fata nagari, rawaya da arzikin ƙasa, ja da jinin waɗanda suka yi gwagwarmayar 'yanci, ratsin biyar kuma da lardunan ƙasar biyar. Tambarin yana da jajayen zakoki biyu riƙe da kwari da baka. Taken da ke kansa yana nufin Aiki, 'Yanci, Ƙasar Haihuwa.

Su ma waɗannan alamomi siyasa ba ta ƙyale su ba. A zamanin jam'iyya ɗaya an ajiye waƙar ƙasa ta asali a 1979 aka maye gurbinta da ta jam'iyyar Eyadema, aka kuma sauya taken tambari. Sai a 1992, bayan boren neman dimokuraɗiyya, aka dawo da su. Tutar ce kaɗai ba a taɓa ba.

Wasu Al'adu

Mutanen Ewe na danganta asalin bazuwarsu da garin Notse, inda labarin baka ke cewa kakanninsu sun gudu daga zaluncin Sarki Agokoli ta hanyar jiƙa ganuwar gari da ruwan wanki har ta yi laushi suka fasa ta. A kowane Satumba suna taruwa a can don tunawa. A Kara kuwa, cikin watan Yuli, ana yin kokawar Evala, wadda ba ta neman kambu ba ce kamar tamu, mataki ce da saurayin Kabiye zai bi kafin a lissafa shi cikin manya. A Sokode akwai bikin Adosa da ake yi lokacin Mauludi, inda maza ke goga wuƙa a jikinsu ba ta kama su, abin da duk wanda ya san 'yan tauri zai gane nan take. A arewa maso gabas akwai gidajen ƙasa masu bene na mutanen Batammariba, masu kama da jerin rumbuna da aka haɗe, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2004.

A babbar kasuwar Lome, mata ne suka riƙe cinikin atamfa 'yar Holan. Sun yi arziki a shekarun 1970 har aka laƙaba musu Nana Benz saboda motocin Marsandi da suke hawa. Kusa da tsakiyar birnin ne kuma tsohon Zongo yake, inda jikokin fatake ke cinikin shanu da goro, har zuwa 1977 da hukuma ta rushe shi ta mayar da mazaunansa wajen gari ta arewa. Sabon wurin ma Zongo ake kiransa, kuma wanda ya sauka can da Hausa zai yi ciniki ya nemi masauki.