Lambar Mota Da Karnukan Tasha

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a tasha tsakanin Gadarif da Gallabat, yana jiran tsallakawa Habasha, ya san haushin karnukan da ba su da mai su. Abin tsoron shi ne cizonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutane 59,000 a shekara, kuma yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnuka allura yana datse cutar.

To, ina kuɗin aikin? A jihar Texas ta Amurka an yi doka a 1997: mai mota yana iya sayen lamba ta musamman a kan dala 30, a zuba 22 a asusun yi wa karnuka da kyanwoyi aikin hana haihuwa cikin rahusa.

Mu ma motocin riɗi da dawa ba sa yankewa a hanyarmu. Da ƙungiyoyinmu za su ware ɗan abu kan kowace mota, su damƙa wa likitocin dabbobi, da yaran da muke aika tasha sun samu kariya.