2.4 Ra'ayin Malaman Jinya Kan Tantance Haɗarin Faɗuwa Ga Tsofaffi Masu Ciwon Daji

Wannan fasali zai yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da tantance haɗarin faɗuwa, da inda ra'ayin malaman jinya ya sha bamban a kansa, sannan a dubi yadda lamarin ya shafi tsoho mai ciwon daji a ƙauye irin Tungar Guru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kimanin mutane 684,000 ke mutuwa a kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu. Mai ciwon daji kuwa haɗarinsa ya fi na sa'o'insa. Wasu magungunan ciwon, kamar vincristine da cisplatin, kan kashe jijiyoyin tafin ƙafa har mutum ya daina jin inda yake takawa. Ƙarancin jini kan kawo jiri, magungunan kashe zafi kuma kan sa gyangyaɗi. Haka nan sankarar mama kan yaɗu zuwa ƙashi, ta yadda ɗan tuntuɓe zai iya jawo karaya.

2.4.1 Ma'aunin Tantancewa

Daga cikin ma'aunan da aka fi sani akwai wanda Janice Morse ta fitar a 1989. Yana duba abubuwa shida: ko majinyaci ya taɓa faɗuwa, ko yana da wata cuta ta biyu, ko yana dogara sanda ko wani abu, ko ana yi masa ƙarin ruwa, yanayin tafiyarsa, da kuma hankalinsa. Galibi wanda ya sami maki 45 zuwa sama ana ɗaukarsa mai babban haɗari.

2.4.2 Saɓanin Ra'ayi

Ra'ayi ya kasu gida biyu. Masu goyon bayan ma'auni na ganin yana hana mantuwa, kuma nas mai karɓar aiki da dare za ta tarar da abin da ta safe ta rubuta. Ɗaya ɓangaren kuwa na ganin kusan kowane tsoho mai ciwon daji zai haura makin, don haka ma'aunin bai ware kowa ba, sai dai ya ƙara aikin takarda. Wannan ra'ayi ya sami ƙarfi a 2013, lokacin da hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a daina dogaro da maki a asibiti, a riƙa bincikar matsalolin kowane tsoho shi kaɗai.

2.4.3 Dangane Da Tungar Guru

Ma'aikatan lafiya na wannan yanki ba baƙin tantancewa ba ne, domin a 2010 an bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Tungar Guru, ana gwada jinin yara saboda gubar dalma. Sai dai gubar dalma a jini ake ganinta, faɗuwa kuwa sai an tambaya, tsoho kuma yakan ɓoye saboda kunya ko gudun ɗora wa 'ya'yansa nauyi.

Bugu da ƙari, ma'aunin Morse don mai kwance a asibiti aka tsara shi. Wanda ya karɓo magani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato gida zai koma, inda zai tashi daga tabarma, ya tsuguna a masai, ya yi alwala a wuri mai santsi, ya nufi masallaci da asuba cikin duhu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ma'aunin ya tambaya.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa maki kaɗai ba su wadatar ba. Wajibi ne nas ta tambayi ɗan'uwan da ke jinyar tsohon, ta kuma dubi tashinsa daga ƙasa da idonta kafin a sallame shi.