Sharaɗin Harshen Gado A Ƙofar Kwalejin Malamai: Muhawarar Da Ake Yi A Ayalan

A ƙasar Ayalan, tsibirin nan da ke yammacin Birtaniya, duk wanda shekarunsa suka kai 23 a ranar 1 ga Janairun shekarar da yake neman shiga jami'a ana ɗaukarsa a matsayin babban ɗalibi. Ba a auna shi da yawan makin da ya tara a jarrabawar kammala sakandare kamar yadda ake yi wa matasa. Ana duba aikin da ya yi da abin da rayuwa ta koya masa, a kira shi a gana da shi. Wannan sassauci ya buɗe wa magidanta da iyaye mata ƙofofin fannoni masu yawa. Sai dai wanda ke son zama malamin firamare yana da wani shinge da girman shekaru ba ya ɗauke masa, wato harshen Ayirish, wanda masu shi ke kira Gaeilge.

Tun daga 2019, mai neman digirin koyarwa a firamare, yaro ne ko babba, dole ya nuna cewa ya ci harshen Ayirish a babban mataki na jarrabawar Leaving Certificate da sakamakon H4, wato aƙalla kashi 60 cikin ɗari. Abin da ake nema a Turanci da Lissafi bai kai haka tsauri ba, domin a cikinsu ana karɓar sakamakon ƙaramin mataki. Wanda ba shi da H4 yana iya gabatar da wasu takardu a madadinsa, kamar shaidar mataki na B2 a jarrabawar TEG da Jami'ar Maynooth ke shiryawa. Mai digiri a wani fanni da ke son yin karatun koyarwa na shekara 2 kuwa, bayan wancan sharaɗi sai ya samu kashi 65 a jarrabawar baka ta TEG a mataki na B1. Idan an shiga, ko a Kwalejin Mary Immaculate ta Limerick, ko Cibiyar Marino, ko Jami'ar DCU a Dablin, akwai zaman mako 4 a yankunan Gaeltacht, inda harshen ke da sauran rai a bakin jama'a.

Wanda bai san tarihin ƙasar ba zai ga kamar tsanani ne kawai. Makarantun firamare da gwamnatin Birtaniya ta kafa a Ayalan a 1831 da Turanci suke koyarwa. Babbar yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu kamarsu zuwa ƙetare, kuma ta fi yin ɓarna a yankunan talakawan da ke magana da Ayirish. Iyaye da kansu suka riƙa tura 'ya'yansu ga Turanci, domin shi ne guzurin tafiya Amurka da Ingila. Ƙungiyar Conradh na Gaeilge ta tashi a 1893 don ceto abin da ya rage. Da aka samu mulkin kai a 1922, sabuwar gwamnati ta ɗora nauyin farfaɗo da harshen a wuyan malaman firamare, sannan tsarin mulkin 1937 ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na farko.

Bayan shekara ɗari, ƙidayar 2022 ta nuna cewa mutum kusan miliyan 1.9 ne suka ce suna iya magana da Ayirish, amma waɗanda ke amfani da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 5. Ma'anar wannan ita ce, ga mafi yawan yara, aji ne kaɗai wurin da suke jin harshen. Kuma a firamaren Ayalan malami ɗaya ne ke riƙe aji ya koyar da kowane darasi. Idan bakinsa bai iya harshen ba, yaran ajin gaba ɗaya sun yi asarar shekara guda. Bahaushe, wanda harshensa ke ƙara yaɗuwa a kasuwa da rediyo da fim, da wuya ya ji irin wannan fargaba a jikinsa, amma ina ganin duk wanda ya ga yadda ƙananan harsunan Filato da Bauchi ke shuɗewa a gaban Hausa zai fahimce ta. Don haka ba na cikin masu cewa a soke sharaɗin. Malamin firamare a Ayalan ya wajaba ya iya Ayirish.

Inda nake da ja shi ne wurin da aka kafa shingen. An kafa shi a ƙofar shiga, alhali abin da ya dami yaro shi ne ƙwarewar malami a ranar da ya tsaya gaban allo.

A ɗauki misalin mace mai shekara arba'in da ta daɗe tana aikin taimaka wa yara masu buƙata ta musamman a cikin aji. Ta san makaranta ciki da waje, ta san yadda ake lallashin yaro da yadda ake magana da iyaye. Amma tana 'yar shekara goma sha shida ta zaɓi ƙaramin mataki a darasin Ayirish, wataƙila don babu mai ƙarfafa mata gwiwa, wataƙila don a makarantar unguwarsu kaɗan ne ke hawa babban mataki. Wannan zaɓi na ƙuruciya shi ke bin ta har yau. Kafin ma a saurari buƙatarta, sai ta koma ta sake zama jarrabawar sakandare tare da sa'o'in 'ya'yanta, ta karanta waƙoƙi da gajerun labaran manhaja, ta biya kuɗin darasin dare daga aljihunta, duk kuwa ba tare da tabbacin samun gurbi ba. Masu hali suna yi. Marasa hali sukan haƙura tun kafin su fara.

Sai kuma waɗanda hukuma da kanta ta yafe wa darasin. Yaron da ya yi firamare a wata ƙasa har ya kai shekara 12 yana iya samun izinin barin Ayirish, haka ma mai fama da matsalar karatu mai tsanani. A lokacin kamar rangwame ne, amma daga baya sai ya zama kulle. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na mazauna Ayalan a waje aka haife shi, kuma cikin azuzuwan Dablin da Cork akwai 'ya'yan Folan da Indiya da Burazil da Nijeriya. Binciken da aka yi a Jami'ar Galway kan masu shiga karatun koyarwa ya nuna cewa kusan dukkan masu neman zama malaman firamare fararen 'yan asalin ƙasar ne. Al'ummar Traveller, 'yan ƙasa na asali da gwamnati ta amince da su a matsayin ƙabila ta daban a 2017, su ma da ƙyar ake ganin ɗansu a gaban aji. Ba harshe kaɗai ne ya jawo haka ba, akwai talauci da tsadar karatu, amma yana cikin manyan dalilai.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cewa ƙasar ta riga ta yarda da hujjata ta wata ƙofar. Wanda ya yi karatun koyarwa a waje, a Ingila ko Sikotlan misali, Majalisar Malamai tana yi masa rajista bisa sharaɗi, ya fara aiki, a ba shi shekara 3 ya cika sharaɗin harshe ta hanyar jarrabawar da Cibiyar Marino ke gudanarwa. 'Yan Ayalan da dama da suka kasa samun gurbi a gida sun bi wannan hanya. To idan an amince cewa baligi zai iya koyon harshen yana cikin koyarwa, me zai hana a amince zai iya koyonsa a cikin shekara 4 na digiri, kafin ya taɓa aji? Hanyar da ake da ita yanzu ta fi sauƙi ga mai kuɗin tafiya ƙetare fiye da uwar da ba za ta iya barin gidanta ba.

Masu kare tsarin suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa harshe ba ya shiga a shekara biyu, jadawalin kwaleji ya riga ya cika, kuma da zarar an shigar da mutum ya kashe shekaru da kuɗi, da wuya a samu mai ƙarfin zuciyar kayar da shi a ƙarshe saboda Ayirish kaɗai. Suna kuma tuna cewa an cire sharaɗin daga aikin gwamnati a 1974, an sassauta shi ga 'yan sanda a 2005, don haka suke kallon firamare a matsayin ganuwa ta ƙarshe. Na yarda da fargabarsu ta uku fiye da sauran. Amma rahotannin babban sufeton makarantu sun sha nuna cewa koyar da Ayirish ya fi na Turanci da Lissafi rauni, kuma waɗannan malamai duk sun tsallake shingen shiga. Sakamakon da mutum ya samu yana ɗan shekara goma sha takwas, da yawansa ta hanyar hadda, bai tabbatar da cewa zai iya tafiyar da aji cikin harshen ba.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a ɗauke ma'aunin daga ƙofar shiga ga manyan ɗalibai, a kai shi ƙofar fita ga kowa da kowa, kuma wata hukuma ta waje ce za ta yi awon ba kwalejin da ta koyar ba, don kada tausayi ya shiga. Wanda ya zo da rauni a ba shi shekarar share fage, gwamnati ta biya. An ma fara gwada irin wannan: shirin PATH da aka ƙaddamar a 2017 ya ba jami'o'i kuɗi don jawo waɗanda aka bari a baya, kuma daga cikinsa ne shirin Turn to Teaching na Maynooth ya fito. Matsalar ita ce guraben kaɗan ne, alhali makarantun Dablin da kewaye suna ta kukan rashin malamai, har shugabanni na rasa wanda zai riƙe aji idan malami ya kwanta rashin lafiya.