Yadda kuɗin talabijin ya wargaza rukunin wasannin jami'o'i na Pac-12 a Amurka

A Amurka, jami'o'i kan haɗu rukuni-rukuni domin fafatawa a wasanni, kuma a da maƙwabtaka ce ke haɗa su. A yau kuɗin da gidajen talabijin ke biya domin nuna ƙwallon ƙafa salon Amurka ne ke tantance inda kowace jami'a za ta dosa.

Lamarin ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar na 1984, wanda ya ƙwace ikon sayar da haƙƙin nuna wasannin daga hannun hukumar NCAA, ya bar jami'o'i su yi cinikinsu da kansu.

A 2022, jami'o'in USC da UCLA na birnin Los Angeles suka sanar da ficewa daga rukunin Pac-12 zuwa Big Ten. Makonni kaɗan bayan haka, Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai ta kusan dala biliyan 7 da tashoshin Fox, CBS da NBC. Pac-12 kuwa ya rasa mai saye da irin wannan daraja. Tayin kamfanin Apple na nuna wasannin ta intanet bai gamsar da mambobinsa ba, sai wasu takwas suka watse a 2023, aka bar Oregon State da Washington State su kaɗai.

Ɗalibai 'yan wasa ne ke ɗanɗana kuɗarsu. 'Yar ƙwallon raga daga UCLA na iya ratsa kusan kilomita 4,000 domin karawa da Rutgers a jihar New Jersey, alhali darasi na jiranta, kuma ba saboda wasanta aka yi cinikin ba.