Faifan Biki a Ƙauyukan Arewacin Kano: Yadda Ake Buga Hoto a Kansa da Kuma Hana Tawadar Zuba

Wanda ya saba tura bidiyo ta Xender ko WhatsApp zai ɗauka faifan CD ya mutu. A harkar fim kam haka ne. Lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke cika ƙauyuka da faifan Kannywood ya wuce, masu tura fim a memori sun karɓe wurin. Amma a yankin Bichi, Dambatta, Makoɗa da Kunchi, faifai ya samu wani aikin da bai sake shi ba tukuna: ajiyar bidiyon biki da walimar saukar Alƙur'ani. Waya takan faɗa ruwa, memori yakan lalace, wani kuma ya goge komai don ya samu wurin sabuwar waƙa. Shi kuwa faifai yana cikin akwatin amarya.

Shi ya sa wasu masu ɗaukar bidiyo har yanzu suke haɗa wa abokin cinikinsu da faifai mai hoton ango da amarya a kai. Matsalar ita ce hoton nan yakan ba da kunya. Yatsa mai gumi ya taɓa fuskar amarya, sai ga ta ta koma shuɗi da ja. A garin da kowa ya san kowa, faifai ɗaya irin wannan ya isa ya mayar da cinikin bikin gaba wurin wani.

Dalilin yana cikin tawadar. Firintocin da ke da tiren faifai, irin su Epson L805 da L850, suna zuwa da tawada kala shida mai narkewa a ruwa, kamar rini. Launinta yana da kyau ƙwarai, amma ruwa na iya sake narkar da ita, rana kuma tana kashe ta. Akwai wata tawadar da ƙwayoyin launinta ba sa narkewa, ta fi jure ruwa da rana. Wasu kan zuba ta a firintar da ba don ita aka yi ba, daga baya ƙananan ramukan feshin su toshe. Gyaran kan firinta ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka wannan ba dabara ba ce ga mai firinta ɗaya tilo.

Faifan ma ba kowanne ba. Wanda ake bugawa a kai yana da farin shafi mai tsotse tawada. In aka saka na yau da kullum mai sheƙi, tawadar za ta zauna a sama ta ƙi bushewa. Faɗin faifai milimita 120 ne, amma girman farin da ke kusa da ramin tsakiya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A auna shi, a saka adadin a manhajar Epson Print CD, in ba haka ba firinta za ta fesa tawada a kan roba ta ɓata tiren. Kuma a fara saka bidiyon a faifan kafin a buga hoton, ba a juya tsarin ba.

Sai batun kariya, inda aka fi yin kuskure. Hanya mafi sauƙi ita ce haƙuri: a bar faifan ya kwana guda yana bushewa kafin a saka shi a leda. Sai dai a nan yankin yawancin bukukuwa bayan kaka ake yi, in an sayar da gyaɗa da gero, wato daidai lokacin hunturu. Ƙura tana manne wa tawadar da ba ta bushe ba. Kifa babban kwano a kan faifan, a bar 'yar kafa ta iska, ya wadatar.

Bayan ya bushe, ana iya fesa masa fenti mara launi na gwangwani. A ɗora faifan a kan takarda mai tsabta, hoton yana sama, a toshe ramin tsakiya don kada feshin ya zagaya ƙasa inda na'ura ke karantawa. A fesa daga nesa, siriri, sau biyu, maimakon a jiƙa shi a tashi ɗaya. Kuma a waje ake yi, ba a cikin shago ba.

A nan ne bambancin CD da DVD yake da muhimmanci. Dukansu kaurinsu milimita 1.2 ne, amma a CD bayanan suna dab da saman da ake bugawa, wani siririn shafi kawai ya rufe su. Feshi mai ƙarfin sinadari, ko ma biro mai tsini, na iya kaiwa gare su. A DVD kuwa bayanan suna tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace. Ga shi yana ɗaukar gigabait 4.7, CD kuwa megabait 700. Mai bidiyon biki ba shi da dalilin zaɓar CD. Duk da haka a gwada feshin a kan faifai ɗaya, a kunna shi a gani, kafin a bi sauran.

Mai hali zai iya guje wa feshi gaba ɗaya. Akwai faifan da aka yi wa shafi mai hana ruwa tun daga masana'anta, kamar WaterShield, wanda kamfanin Taiyo Yuden na Japan ya fara yi, da AquaAce na Verbatim. Sun fi tsada, kuma sai dai a nema a birni ko a yi oda.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne liƙa takarda ko selotef. In ta karkace ko kaɗan, faifan zai riƙa rawa yayin da yake juyawa da gudu, zafi kuma yakan ɗaga gam ɗin ta maƙale a cikin na'ura.

Sauran aikin yana hannun amarya, kuma ya kamata a gaya mata lokacin miƙa faifan: a riƙe shi ta gefe, a ajiye shi a tsaye cikin gidansa, nesa da taga, nesa da bangon da ke jiƙa da damina. A kuma ba ta kwafin bidiyon a waya, don kallon yau da gobe ya tsaya a can.